Kada Ku Cinye Iri

'Ya'yana na Damri, da na sauran garuruwan ƙasar Bakura, Mafara da Maradun, yau maganata a kan wani ɗan fili take, wanda yawancinku ko kallonsa ba ku son yi, wato gonar makaranta. Na san inda ƙiyayyar ta samo asali. A makarantu da dama ba a tura yaro can sai ya makara ko ya yi surutu a aji. A miƙa masa fartanya a ce ya je ya nome ciyawa, 'yan ajinsu na leƙensa ta taga suna dariya. Wanda ya tashi a haka, in ya girma ya ce noma horo ne, ba za a ga baƙinsa sosai ba. Wannan magana ce tsakanina da malamanku, za mu yi ta a wani zaman. Ku abin da nake so ku ji shi ne, a wannan filin da kuke gudu ake koyon sana'ar da ba a sayar da ita a kasuwa, sana'ar riƙon iri. Kuma ban san amfanin gonar da ya fi tumatir sauƙin koyar da ita ba.

Gonar makaranta ba sabon abu ba ce. Iyayenku da suka yi firamare a ƙarshen shekarun 1970 za su tuna shirin Operation Feed the Nation da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar a 1976, lokacin da aka yi ta kiran makarantu da ma'aikatu kowa ya buɗe lambu. A daidai wannan zamanin kamfanin Impresit na Italiya yake gina madatsar ruwan Bakolori a kan Kogin Sakkwato, aka gama ta a 1978, noman rani ya sake kama a duk yankin nan. Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, da noma aka yi mata take, har a jikin lambar mota. To amma ku shiga makarantu ku duba. Filin da aka keɓe wa lambu ko dai ya zama wurin ƙwallo, ko makiyayar awakin maƙwabta, ko kuma wani ya shuka gero a ciki don kansa. Yara a tsakiyar ƙasar noman rani, amma sai a allo suke ganin hoton fure.

Akwai tumatirin da kakanninku mata suka sani tun kafin zuwan na leda da na gwangwani. Mai faɗi ne, jikinsa gaɓa-gaɓa, ɓawonsa ba kauri, in aka tsaga shi ruwa da 'ya'ya ne fal a ciki. Kafaɗarsa takan tsaya kore ko da gindin ya yi ja. Yana da ɗan tsami, yana da ƙamshin da yake kama hannu tun daga ganye. Akwai kuma ɗan ƙarami da bai kai kanya girma ba, wanda yake fitowa da kansa a bakin juji ko bayan ɗaki da damina, ya yi ta yaɗo yana zuba 'ya'ya ba tare da kowa ya ba shi taki ba. Sunayensu kan sauya daga gari zuwa gari. A kasuwannin Arewa za ku ji Ɗan Siriya, ku ji Ɗan Baga, ku ji wanda ake kira da sunan ƙauyen da ya fito kawai. Na sha ganin yaro an aike shi cefane, ya tsallake irin wannan ya ce ba shi da kyau, ya ɗauko mai santsi, ja jawur, duk girmansu ɗaya. Da ido ya yi cinikin, alhali miya ba ido ke shan ta ba.

Ba banza tsohon iri ya ja baya ba, kuma bai kamata ku zargi manomi ba. Dillalin da zai ɗora kwanduna a mota zuwa kasuwar Mile 12 a Legas ba ruwansa da ƙamshi. Abin da yake nema tumatirin da zai sha girgiza da nauyin kwandon da ke samansa, ya isa bai fashe ba. Shi ya sa Roma da UTC da ire-irensu suka mamaye fadamu. Wanda ake rubuta wa UC82B a jikin gwangwanin iri, a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis a Amurka aka fito da asalinsa a shekarun 1970, don inji ya girbe shi a kai masana'anta. Tauri aka nema, tauri aka samu. A 2012 ma masu bincike a wannan jami'ar da abokan aikinsu sun gano wani abin mamaki: halin da yake sa tumatir ya nuna gaba ɗaya ba koren kafaɗa, wanda masu ƙirƙirar iri suka daɗe suna zaɓa saboda kyan gani, shi ne kuma yake rage masa zaƙi. Ashe koren kafaɗar da kuke ƙyama alama ce ta wani alheri. Sai dai kada ku fahimce ni a baibai. Ban ce a watsar da irin zamani ba. Wanda zai yi noman sayarwa, ya kai Legas ko Fatakwal, dole ya shuka abin da zai jure hanya. Amma lambun makaranta ba Legas za shi ba. Daga fangali zuwa baki taku ashirin ne, don haka ya isa ya riƙe abin da kasuwa ta yar.

Wani zai ce ai tumatir ma ba namu ba ne. Gaskiya ne. Daga yammacin Amurka ta Kudu asalinsa yake, mutanen Meziko suka mayar da shi amfanin gona, Turawan Sifen suka kai shi Turai bayan shekarar 1500, daga baya ya iso mu. Kakannin kakanninmu da kuka da kuɓewa da yakuwa da daddawa suka yi miya. To me ya mayar da wancan mai gaɓa-gaɓar namu? Zaɓe ne. Shekara da shekaru wata tsohuwa tana duba shukarta, ta ga wadda ba ta mutu da zafin bazara ba, wadda ta yi daɗi a tukunya, ta ajiye 'ya'yanta. 'Yarta ta yi haka, jikarta ma haka. Abin da ya rage a hannunmu amsar tambayoyi ne da aka yi ta yi wa ƙasar nan da ruwanta da ranarta. Da tsohuwar zuma ake magani.

A nan dole in taɓo abin da duk muka fi so a ce bai faru ba. Kun san harin da aka kai Damri da ƙauyukan kewaye a watan Mayun 2022. Kun san sace ɗaliban Jangebe a Fabrairun 2021, da na kwalejin aikin gona ta Bakura a Agusta, da na Kaya ta ƙasar Maradun a Satumbar 2021 ɗin, har ta kai ga an rufe makarantun jihar. Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. A cikin asarar da ake ƙirgawa, ta rayuka da shanu da rumbuna, akwai wadda ba ta shiga lissafi. Ranar da ƙauye ya watse, ba mai tsayawa ɗaukar ɗan ƙullin tsumman da ke soke a rufin ɗaki. Irin da aka riƙe tun zamanin kakanni yakan ƙare a dare ɗaya, kuma ba shagon da za a je a sayo shi. Akwai cibiyar gwamnati a Ibadan da take adana irin shuke-shuke, akwai cibiyar binciken aikin gona a Samaru, amma kada ku ɗauka sun bi kowane ƙauye sun karɓi na kowace tsohuwa. Gonakin nesa kuma sun yi wuyar zuwa. Filin da ke cikin gari, kusa da ido, yanzu darajarsa ta ƙaru.

Saboda haka aikin farko ba da fartanya ake yin sa ba. Ku je ku gaida tsofaffi. Ku durƙusa ku ce, "Kaka, ko akwai sauran irin tumatirinku na da?" Kada ku manta da waɗanda suka yi gudun hijira suka zauna a cikinku, sau da yawa su ne suka zo da abin da babu a garin. Wata za ta ce, "Wanga tun na uwata ne, ku kula da shi." In ta ba ku, ku tambaye ta yaushe ake zuba shi, yana son damina ko rani, me ya fi kama shi, miyar me ya fi dacewa da ita. Ku rubuta duka a littafi, da sunan garin da ya fito. Iri ba labarinsa rabin iri ne.

Ga kuskuren da nake ta ganin matasa suna maimaitawa. Saurayi ya ga tumatir mai kyau a kasuwa, ko ya sayi iri mai tsada ya yi masa albarka a shekarar farko. Sai ya ce bari ya huta da saye, ya matse 'ya'yan ya ajiye. Baɗi ya shuka, gona ta fito barkatai: wannan dogo, wancan gajere, wani zagayayye, wani ba ya ko haihuwar kirki. Daga nan sai zargi, ko ƙasa ta gaji, ko taki jabu ne, ko wani ya yi masa baki. Da ya duba takardar irin, da ya ga an rubuta F1. Iri mai aure ke nan. An haɗa uwa da uba daban-daban aka samu ɗa mai ƙarfi, amma jikoki sai kowa ya ɗauko nasa gadon, su watse. Ba cuta ba ce, haka halittarsa take, shi ya sa duk shekara sai an koma shago. Tsohon iri kuwa, da ma irin su Roma na asali, abin da ka shuka shi za ka girba. Furen tumatir yakan yi wa kansa barbara, don haka in aka ba kowane iri fangalinsa da 'yar tazara, zai riƙe kamanninsa.

Wannan fa shi ne darasin Gregor Mendel da ake sa ku haddacewa a ajin nazarin halittu, kuna ta zana manya da ƙananan baƙaƙe ba ku san inda suka dosa ba. Shi kansa Mendel a lambu ya gano abin, da wani nau'in wake na Turai, ya wallafa a 1866. Ku ware fangali guda ku shuka 'ya'yan mai aure da gangan, ku ƙirga nawa suka yi kaza nawa suka yi kaza. Gani ya kori ji.

Kuskure na biyu ya fi na farko yawa, domin kwaɗayi ne ke jawo shi. Nunan fari manya-manya a cinye ko a sayar, sai ƙarshen kaka, da shuka ta tsufa cuta ta kama ta, a tuna da iri a tattaro ragowar. Wanda ya yi haka shekara uku a jere ya koya wa irinsa lalacewa da hannunsa. Tun shuka tana tsaye ake zaɓe, kuma uwar ake dubawa, ba ɗan da ya fi girma ba. A zagaya a nemo masu lafiyar ganye, waɗanda suka ɗauki 'ya'ya da yawa, a ɗaura musu jan ƙyalle. Kada a tsaya kan guda ɗaya, a zaɓi biyar ko fiye. Kowa a makarantar ya san mai ƙyalle ba ta ci ba ce, ko shugaban ɗalibai ne.

Fitar da irin kansa yana da ƙa'ida. A bar tumatirin ya nuna sosai a jikin uwarsa har ya fara laushi. A tsaga, a matse ruwan da 'ya'yan a kwano, a rufe da ƙyalle a ajiye a inuwa kwana biyu, in da sanyi uku. Zai yi tsami, ya yi wari, wata farar kumfa ta taso a sama. Nan ne yara kan toshe hanci su ce ya ruɓe, su zubar. Kada ku zubar. Wannan tsamin ne yake cinye yauƙin da ya lulluɓe kowace ƙwaya, wanda yake hana ta tsira da wuri, yana kuma rage wasu cututtukan da ke bin iri. Sai a ƙara ruwa a motsa. Masu kyau za su nutse, holoƙo ya taso, a tsiyaye shi. A wanke har ruwan ya yi fari, a baza a kan faifai ko tsohon ƙyalle, a inuwa inda iska ke wucewa. Ba a kan kwanon rufi a tsakar rana ba, can dafa shi za a yi. In ya bushe ƙayau, a zuba a kwalba mai murfi da ɗan tokar murhu da aka tankaɗe, a liƙa takarda da sunansa da shekara. Kafin a zuba shi baɗi, a ɗauki ƙwaya goma a naɗe a jiƙaƙƙen ƙyalle. Bayan mako a buɗe. In takwas sun tsira, iri na nan da ransa. In uku ne, a koma wurin Kaka tun da wuri.

Lokaci kuma ba ya jiran kowa. Tumatir ɗan hunturu ne a ƙasarmu. In zafi ya wuce digiri 35 sai ya riƙa zubar da fure, ga shi Afrilunmu yakan kai 40. Na ga makarantun da ba sa tunawa da lambu sai an dawo zango na biyu, a zuba iri a ƙarshen Janairu, shuka ta yi kore shar, furenta ya zo daidai da bazara, a tashi ba ko ɗaya, yara su ce ai da ma noma wahala ce. A zuba iri a Oktoba, a dasa bayan mako uku zuwa huɗu, da yamma, kamu guda tsakanin shuka da shuka. Zuwa Janairu an fara tsinka. Sai dai tsakanin dashe da tsinka akwai hutun Disamba, kuma shi ne kabarin yawancin lambunan makaranta. Kafin a tashi hutu a rubuta sunayen waɗanda gidajensu ke kusa, biyu-biyu, kowa da ranarsa, iyaye su sani, kuma kada yaro ya je shi kaɗai ko da magariba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ruwa ba sai an jira rijiyar burtsatse ba; a haƙa 'yar hanya daga wurin alwala zuwa fangali, za ku yi mamakin yawan ruwan da ake zubarwa kullum. Darni kuwa kafin iri ake yin sa. Akuya ba ta san aikin aji ba.

Za ku haɗu da sharon, ba makawa. Wannan tsutsar da masana ke kira Tuta absoluta ita ma daga Amurka ta Kudu ta taso, aka gan ta a Sifen a 2006, ta gangaro Afirka. A 2016 ta yi ɓarnar da ta sa Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, masana'antar Ɗangote da ke Kadawa a Kano, wadda aka buɗe a shekarar, ta tsaya saboda rashin abin sarrafawa. Kada wani ya ruɗe ku cewa tsohon iri ba ya jin ta. Yana ji. Abin da ƙaramin lambu ya fi babbar gona da shi shi ne yawan idanu. Tsutsar cikin ganye take shiga ta ci, ta bar wani farin tabo da ake hango ta a ciki in an ɗaga ganyen a rana. Yara talatin in suka duba kowace safiya, suka tsinke masu tabon suka binne da zurfi, sun yi rabin yaƙin. A jiƙa dakakkun 'ya'yan dogon yaro a tace a yayyafa. In an gama girbi a tuge karan a ƙone, baɗi kuma a sa albasa ko wake a wurin, tumatir ya koma wani gefe. Maganin feshi na kanti kuwa ba na hannun yara ba ne. Na ga samari suna feshi ba takalmi ba abin rufe hanci, su haɗa magani biyu uku wai don ya yi ƙarfi, washegari a tsinka a kai kasuwa. Lambun da za a tsinka a ci a tsaye, a nesanta shi da wannan.

Sai ranar ɗanɗano, wadda ni a wurina ita ce ranar jarrabawar gaskiya. A wanke, a yanka kowane iri a faranti daban, a sa lamba maimakon suna don kada kowa ya zaɓi na gidansu. A haɗa da na kasuwa, a yi masa adalci. Kowa ya ci ɗanye tukuna, sannan da ɗan gishiri ko garin ƙuli-ƙuli. Za ku ga yaron da bai taɓa sanin tumatir yana da ɗanɗano daban-daban ba ya tsaya yana tauna a hankali, yana neman kalmar da zai faɗa. A gayyato iyaye mata, domin hukuncin tukunya nasu ne: wane ne ya fi kauri a miya, wane ne sai an daɗe ana soya shi kafin tsaminsa ya mutu. A yanka wasu a shanya a ga wanda ya fi yin kauɗa mai kyau. A nan sau da yawa mai tauri na zamani ne zai yi nasara, a rubuta hakan ba ɓoye-ɓoye. 'Ya'yana mata, kada ku yarda a ce naku ɗebo ruwa ne kawai, maza su riƙe littafi. A gidajenmu riƙon irin kayan miya da ma a hannun mata yake, ku ne magadansa.

Abu na ƙarshe da yake kashe irin wannan aiki shi ne a rataya shi a wuyan mutum ɗaya. Malami mai himma ya fara, a yi masa canjin wurin aiki, kwalaben su kwana a durowa har ƙwari su cinye. Ku raba irin gida uku: kashi ɗaya a makaranta, ɗaya a gidan wani dattijo a cikin gari, ɗaya kuma a aika wa wata makarantar a Bakura ko Mafara, a karɓo nasu. Wadda ta ba ku tun farko a mayar mata da ninkin abin da ta bayar. 'Yan ajin ƙarshe kuma, kafin hidimar jarrabawa ta ɗauke hankalinsu, su zauna da ajin da ke bin su a buɗe littafin shafi-shafi, a ƙirga kwalaben a gaban malami, sababbin masu riƙo su sa hannu, a rubuta makon Oktoban da za a zuba iri.